Gwadabe Ya Zama Yarima a Niyok

Badafi, ƙasar Kiru
Watan Mauludi, 1955

Takarda daga hannun yayarka Zuwaira zuwa ga ƙanena Gwadabe, a birnin Niyok na ƙasar Amurka.

Gaisuwa mai yawa, da so, da fatan tana samunka lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, tana kaɗi tana kiwon awakinta, sai dai yanar idon nan nata na dama ta ƙara rufewa. Maigidana, baban su Balaraba, yana gaishe ka. Suna can ana ta cirar gyaɗa, bana ta yi kyau. Balaraba ta yaye ɗanta.

Bayan haka, ƙunshin da ka aiko ya iso. Malam Surajo, malamin elementare ta Kiru, wanda yake rubuta mini adireshinka da boko a bayan ambulan, shi ya karɓo shi a Kwanar Dangora ya ɗauro a bayan kekensa. Inna ta shafa, ta sake shafawa, ta ce ko maganin idon da ka yi mata alkawari ne. Da na kwance sai ga littafi. Shekara takwas rabonka da gida, Gwadabe. Baba ya rasu ba ka nan. Abu na farko da ya fito daga hannunka zuwa gidan nan shi ne littafi cikin harshen da ba mai jin sa a unguwar duka. Madalla.

A bangonsa ga ka nan tsaye, ka sa babbar riga, ka yafa fatar damisa a kai, ka riƙe mashi, ka ɗaure fuska kamar mai ciwon haƙori. Inna ta kai shi kusa da idonta mai gani, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wane maharbi ne wannan?" Na ce Autanki ne. Ta ce, "To me ya haɗa ɗan malam da mashi?" Amsa tana wurinka. Kai sai ka ba ta.

Duk da haka ta yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Ta aika har Bebeji a gaya wa dangi Auta ya wallafa littafi kamar malaman da. Ta roƙi Malam Surajo ya riƙa zuwa duk Alhamis bayan la'asar yana karantawa yana juya mana da Hausa. A zauren Baba ake yi, inda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Alƙur'ani. Maza su cika zaure, mu mata muna bayan asabarin ƙofar ciki muna saurare.

To, mun ji. Mun ji wai kai yarima ne. Wai Baba sarki ne mai fada da hasumiya da mata ba iyaka, in ya tashi da baƙin rai sai ya sa a yanka mutum. Baban da in kaza ta shigo zaure sai ya ɗaga allonsa ya ba ta hanya. Ko suna ba ka sauya masa ba. Sarki Habu na Badafi! Liman yana zaune aka karanta wannan. Ya sunkuyar da kai, ya lalubi takalmansa, ya fita.

Sa'an nan aka zo kan zakin da ka kashe kana yaro da mashin nan. A nan zaure ya rushe da dariya. Dikko maƙeri, abokinka na ƙuruciya, har da riƙe ciki. Ya ce shi dai abin da ya tuna shi ne ranar da ragon layyar Baba ya kore ka, ka haye rumbu kana ihu kana kiran Inna, sai da yayarka ta zo ta janye ragon. Ka tuna? Ni na tuna, don har yau da tabon igiyar a hannuna. Zaki a Badafi! Kakanmu ma labarinsa ya ji.

Malam Surajo ya ce a bayan littafin an jera maganganun manyan masana na can, kowa yana yabonka. In waɗannan ne masanan Amurka, Allah ya jiƙan jahilansu.

Amma ba don zaki na ɗauki alƙalami ba. A karatu na biyu ina leƙe ta asabari na ga Malam Surajo ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya haɗa ganyen takarda biyu ya juya, ya ci gaba. Da aka watse na aika ya dakata, na tambaye shi abin da ya tsallake. Ya yi ta kewaye-kewaye, mutumin kirki, kunya ta kama shi kamar shi ya rubuta. Daga baya ya faɗa. Wai uwar yarima ta mutu yana jariri, maciji ya sare ta a bakin rafi, wata kuyanga ce ta gidan sarki ta shayar da shi ta goya shi.

Gwadabe, matar da ka kashe tana tsakar gida yanzu da nake wannan rubutu, tana kaɗa zaren da ta ce za a saƙa maka gwado saboda sanyin ƙasar da kake. Ban gaya mata ba. Na roƙi Malam Surajo ya riƙe bakinsa. Ina jira ka faɗa mini abin da ta yi maka.

Kowa yana gaishe ka, har da waɗanda suka yi maka dariya. Allah ya shirye ka. Wasalam.

Yayarka,
Zuwaira


Badafi
Watan Rajab, 1956

Zuwa ga ƙanena Gwadabe.

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta waɗanda kake zaune da su. Ka ce ka yi fama da tari, Allah ya sa kaffara ne, ka riƙa rufe ƙirjinka. Mu nan kalau. An gama sussuka, maza sun koma gyaran katanga da daɓe.

Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu. Na gode da ba ka manta ajami ba, ko da yake hannunka ya lalace. Ka ce ban gane ba. Ka ce irin wannan littafi ƙagaggen labari ne, kamar tatsuniya, kuma wanda yake cewa "ni" a ciki ba kai ba ne. Ka ce da fari zaman Niyok kawai ka rubuta, ka kai wa masu buga littafi, suka ce baƙi masu wanke-wanke sun yi yawa a birnin, ba wanda zai sayi labarinsu sai an sa zaki da sarauta.

Na san tatsuniya, ƙanena, a bakin Inna muka koye ta tare. Mai tatsuniya ba ta sa sunan ubanta a ciki. Ba ta liƙa hotonta a gaba. In ta gama kuma takan shaida wa yara da bakinta cewa ƙarya ta shara musu. Kai ka sa sunan Baba, ka sa sunan garinmu, ka sa fuskarka, kuma Malam Surajo ya ce a bango an rubuta marubucin daga rayuwarsa ya ɗebo labarin. Suka ce a sa zaki, ka sa. Da sun ce ka yi wutsiya fa?

Karatu ya kai inda yarima ya sauka daga jirgin ruwa. Jama'a sun ragu a zaure tunda ba sauran namun daji, amma ni ban fasa ba, ina son in ga ƙasar da ta cinye mana kai. Na gan ta kuwa. Mutane a jibge bisa juna kamar tantabaru, kowa da ɗan raminsa, na sama yana taka kan na ƙasa, ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa. Jirgin ƙasa yana bin rami kamar gafiya. An ware unguwa guda, Halem ko me, an tara baƙaƙe a ciki. Ɗakin yarima tagarsa bango take kallo. Da safe ya gangara ƙarƙashin otal ya yi ta wanke kwanukan da waɗansu suka ci suka bari, har hannunsa ya yi fari ya tsattsage, in ya fito rana ta faɗi, bai gan ta ba. Wannan ce ƙasar da ka bar gonar Baba dominta? Kai da a gida ko ƙwaryar da ka sha fura ba ka kifewa?

Sai matan nan masu hali da ke gayyatar yarima shan shayi, su sa shi ya naɗa rawani ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana ba su labarin zaki, suna dafe ƙirji. A littafin ka yi musu ba'a, ka nuna ba su san komai ba. Amma su ne dai suka sayi littafin, kai ne dai ka sayar musu. Tsakaninka da su ban san wanda zan fi rainawa ba.

Abu ɗaya zan ba ka. Labarin tsohon nan ɗan Somaliya da ke ɗakin kusa da na yarima, wanda ya mutu shi kaɗai ba wanda ya sani sai da wari ya fito. Yadda kuka taru ku 'yan kaɗan Musulmi kuka yi masa wanka a ɗakin tukunyar ɗumama gida, kuka rasa likkafani kuka yaga zanen gado, kuka sallace shi a tsaye cikin ƙanƙara ƙafafunku ba sa jin ƙasa. Da aka karanta wannan a zaure, na ji wani yana jan hanci, ina jin Dikko ne. A nan kaɗai na ji muryarka a littafin duka. Ashe ka iya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Yanzu ga abin da ya faru. Inna ta sani. An yi suna a Kiru ta je, wata mata da ɗanta akawu ne, shi ma ya ari littafin ya karanta, ta tare ta a tsakiyar mata tana dariya, ta ce, "Tani, ashe kin mutu ba a aiko mana ba?" Inna ta dawo gida. Washegari ta aika a kira Malam Surajo. Ta fito zaure ta zauna a kan buzun Baba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ya karanta mata abin da ya tsallake, kada ya rage ko harafi.

Ya karanta. Da ya kai inda maciji ya sare ta, ta ce, "An yi mini wanka?" Ya ce littafin bai faɗa ba. Ta ce, "An yi mini salla?" Ya ce bai faɗa ba. Can ta ce, "Baƙon nan ɗan Somaliya ma, Auta ya wanke shi ya sallace shi. Ni ko zane bai rufa mini ba."

Ta ce ya ci gaba. Ya zo kan kuyangar. Ba ta da suna a littafin. Amma tana da ɗan yatsan hagu a lanƙwashe, tana da wushirya, tana tauna wa yaro rogo kafin ta ba shi, in zazzaɓi ya kama shi takan kwantar da shi a ƙirjinta tana busa masa kai. Inna ta ɗaga hannunta na hagu ta duba yatsan nan da taɓarya ta karya mata tun tana amarya. Ta ce, "Wannan ai ni ce." Ta tashi ta shiga gida.

Ka ji aikinka. Ka ɗauki uwarka, 'yar malamai jikar malamai, ka raba ta biyu. Rabi ka ba maciji, rabi ka mai da ita baiwa, don Turawa su tafa maka. Na hana a ci gaba da karatu a zauren Baba. Wanda ke son ƙarshen labarin ya bi Malam Surajo Kiru.

Inna ta ce in gaishe ka, in ce ka sha citta da zuma saboda tarin. Saƙonta ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Allah ya ba ka lafiya. Wasalam.

Yayarka,
Zuwaira


Badafi
Bayan ƙaramar Salla, 1956

Zuwa ga Gwadabe.

Barka da shan ruwa, in ka yi azumi. Ina fatan kana lafiya. Mu nan an yi ruwan shuka, kowa yana gona.

Na daɗe ban ga takarda irin wadda ka aiko ba. Yaya kaza, Yaya kaza, tun daga sama har ƙasa, rabon da ka kira ni Yaya da yawa haka tun kana neman in ɓoye maka laifi wurin Baba. Ka ce wata jarida ta can za ta turo ma'aikacinta ƙasar nan da damina, kuma in ya gama aikin da ya kawo shi Kano zai ratso Badafi ya ga garin yarima ya ɗauki hotuna. Ka ce mu kai shi wani kufai mu ce nan fada take ta rushe. Ka ce a ja wa Dikko kunne. Ka ce kuma ko Inna za ta tafi Bebeji wurin 'yan'uwa ta kwana biyu har baƙon ya wuce.

Wato a ɗauke gawa kada baƙo ya same ta tana daka.

Ka ce in aka gane, masu buga littafi za su yar da kai, na biyun da kake rubutawa ba zai fito ba, za ka koma ramin wanke-wanke, watakila ma a bincika takardunka na zama a kore ka. To a kore ka mana. Ina za a koro ka in ba gida ba? Gonar Baba ta bakin fadama tana nan, baban su Balaraba ke noma ta, ranar da ka dawo zai sakar maka. Ɗakinka an sake masa jinka bara. Za a yi maka dariyar zaki wata ɗaya a gaji. Ba wanda ya taɓa mutuwa a Badafi aka bar shi har wari ya sanar da maƙwabta.

Amsata ita ce a'a. Ban yi wa Baba ƙarya yana raye ba, ba zan yi a kansa yana kwance a kabarinsa bayan gidanmu ba. In Baturen ya zo zan sa a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, in kira Malam Surajo ya yi tafinta, in nuna masa allunan Baba, in nuna masa rumbun da ka haye, in nuna masa Inna.

Ka sani kuma na karanta mata takardarka duka. Ta san tsawon takarda in ta riƙe, in na taƙaita takan gane. Da na kai maganar Bebeji na so in tsallake, ta ce, "Ke ma kin koyi halin Malam Surajo?" Na karanta. Ta tambaye ni dai wannan wanke-wanken, a tsaye ake yi ko a zaune. Na ce littafin ya ce a tsaye. Ta ce to.

Na gaishe ka. Allah ya sa ka gane. Wasalam.

Zuwaira


Badafi
Watan Muharram, 1956

Zuwa ga ƙanena Gwadabe.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya. Mu nan lafiya muke, gero ya fitar da kai, ruwa bai yi mana gardama ba.

Baƙonka ya zo ya tafi. Kwantar da hankalinka, sarautarka tana nan. Zan ba ka labari yadda aka yi, don ka san abin da aka biya maka da shi.

Malam Surajo ya aiko tun ana jibi Baturen zai zo. Ni na shirya abin da zan faɗa. Dikko ma ya shirya, har ya ce zai nemo rago a nuna wa Bature yadda aka yi. Da safen ranar Inna ta aika aka kira su biyun, ta haɗa da ni da baban su Balaraba, ta ce, "Yau ba mai magana sai ni. Wanda ya buɗe baki ban yafe ba." Na ce Inna me za ki ce? Ta ce in je in ɗaure awaki.

Motar Baturen ta kafe a laka a bakin rafi, sai da samari suka tura. Ya iso da hantsi, dogo, ja wur, wandonsa duk taɓo, da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya, yana ta murmushi yana cewa sannu ga kowa har da jaki. Yana duba gidajenmu yana duba littafinka, ka ga mutumin da yake neman hasumiya. Liman ya rufe ƙofarsa bai fito ba.

Na shiga in kira Inna ban gane ta ba. Ta cire mayafinta, ta cire tasbahar Baba da ba ta rabuwa da wuyanta, ta ɗaura tsohon zanen da muke shimfiɗa wa 'yan akuya in an haife su da sanyi. Na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ta ture ta da ƙafa ta zauna a ƙasa.

Bature ya tambaya wace ce. Ta ce wa Malam Surajo, "Ce masa ni ce kuyangar da ta goyi yarima." Malam Surajo ya dube ni. Ta ce, "Ni za ka duba. Faɗa masa." Ya faɗa. Ta miƙa hannunta na hagu. Baturen ya ga yatsan, ya buɗe littafi da sauri, ya sami wurin, ya yi wani ihu na murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya durƙusa yana rubutu.

Ya tambayi fada. Ta nuna masa tsohuwar katangar gidan marina da ta zube bayan gari, ta ce ruwa ya cinye sauran. Ya tambayi zaki. Ta ce ita tana ɗaki ranar, ba ta gani ba, amma yaron tun yana ƙarami ba ya tsoron tafiya nesa. Dikko yana tsaye ya cusa bakin rigarsa a baki, hawaye na zuba, ban sani ba na dariya ne ko na mene ne.

Sai ya tambaya ko gaskiya ne sarki yakan sa a yanka mutane. A nan ta ɗago kai. Ta ce, "Wannan kam a'a. Na zauna da shi shekaru masu yawa, ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. Yarima yaro ne lokacin, an ba shi labari ne ba daidai ba. Ce masa ya rubuta wannan da kyau." Ta sa Malam Surajo ya maimaita har sai da ta ga alƙalamin ya motsa. Kanta ta ba ka kyauta, amma Baba ta hana ka shi.

Da na ɗauka an gama. Sai ya ce yana son ya ga kabarin sarauniya, uwar yarima. Malam Surajo bai so ya juya ba, amma ta riga ta gane daga fuskarsa, ta ce ya faɗa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja su zuwa bayan gidanmu, gindin kurna inda Baba yake. Ka san filin nan da ke gefensa, wanda ta sa kowa ya yi mata alkawari nan za a sa ta. Shi ta nuna. Ta ce, "Ga ta nan." Malam Surajo ya buɗe baki zai juya da Turanci. Baturen bai ma jira ba, ya cire hularsa ya tsaya shiru yana girmama ƙasar da ba kowa a ciki, mai ita tana tsaye kusa da shi cikin tsumma.

Ni ina bakin katanga. Ban taɓa jin na tsani takarda da alƙalami ba sai ranar, ni da Baba ya koya wa rubutu kafin kai.

Ya ɗauke ta hoto a zaune a ƙasa, awaki a bayanta. Ya ce za a buga a jarida, a rubuta a ƙasa baiwar da ta reni yarima. Ya yi ta godiya, ya ce bai taɓa ganin amana irin ta bayin Afirka ba. Wannan Malam Surajo bai juya mata ba, ni ya gaya wa daga baya.

Da motar ta tafi ta shiga ta yi wanka, ta mai da mayafinta da tasbaharta, ta yi salla ta daɗe a zaune. Tun ranar take azumi, wai na ƙaryar da ta yi, ga tsufa ga aikin damina, na yi magana na gaji. Na tambaye ta don me ta yi haka, bayan abin da ka yi mata. Ta ce, "Da ya koma tsayuwa a ramin nan, gara ni in yi bauta ta yini ɗaya." Ba ta sake tada maganar ba.

To, ranka ya daɗe, an gama maka aiki. Rubuta na biyun. Amma kada ka aiko shi gidan nan, ba mai karanta shi, Malam Surajo ma ya ce ya tuba. Zan ci gaba da rubuto maka labarin gida don Inna ta ce in yi, ba don ina da abin faɗa maka ba.

Abu ɗaya nake so ka yi. In jaridar ta fito, ka saya, ka yanke hoton, ka datse rubutun da ke ƙasansa, ka adana. Tunda aka haife ta ba a taɓa ɗaukarta hoto ba sai wannan.

Tana gaishe ka. Ta ce Allah ya yi maka albarka. Wasalam.

Yayarka,
Zuwaira